Gada a Kan Rami: Abin da Gara da Ƙashi Ke Koya wa Magini

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora, ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa a cikin watan Agusta, ya san cewa kudancin Kano ƙasar rafuka ce. Ruwan sama da ake samu a wannan yanki ya fi na arewacin jihar yawa, kuma da yake ƙasar tana da tuddai da duwatsu, ruwan ba ya tsayawa inda ya sauka. Gangarowa yake yi ta kwazazzabai da ƙoramu har ya faɗa Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga tsakanin shekarar 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo.

Manyan gadojin da ke kan titin kwalta aikin injiniyoyi ne. Amma gadojin da rayuwar mutumin ƙauye ta fi dogara a kansu ƙanana ne: gungumen giginya biyu da aka shimfiɗa wa katako, ko kwalbatin da ƙungiyar ci gaban gari ta gina da kuɗin karo-karo da aikin gayya. A kansu ɗalibi yake bi ya tafi makaranta, a kansu ake fita da masara da shinkafa zuwa kasuwa, a kansu kuma ake ɗaukar mace mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare. Babur ɗin da aka ɗora wa buhun masara uku, idan aka haɗa da nauyin kansa da na matuƙinsa, yakan kusa kilo 500. Idan irin wannan gada ta tafi, gari yakan yanke daga duniya har ruwa ya janye.

To, me ya sa wata gadar takan yi shekara da shekaru a tsaye, wata kuwa daminar farko ta tafi da ita? Amsar tana cikin ƙa'ida guda, kuma ba injiniya kaɗai ke bin ta ba. Ƙashin cinyar ɗan Adam yana bin ta, gara tana bin ta a ƙarƙashin suri, maginan Hausa ma sun daɗe suna aiki da ita.

Nauyi Matafiyi Ne

Ƙa'idar ita ce: duk nauyin da aka ɗora a kan gini sai ya sami hanyar da zai bi, ba tare da yankewa ba, har ya isa ƙasa mai ƙwari. Nauyin babur yana sauka a kan katako, katako ya miƙa shi ga gungume, gungume ya miƙa shi ga ginshiƙi, ginshiƙi ga harsashi, harsashi ga ƙasa. Ko'ina wannan hanya ta yanke, nan gini zai faɗi, komai ƙarfin sauran sassansa.

A cikin wannan tafiya, nauyi yana yi wa abin da ya bi ta cikinsa ɗayan abu biyu: ko ya matse shi, ko ya ja shi. Ginshiƙin da ke ƙarƙashin gada matsi yake sha. Igiyar guga kuwa ja take sha. Gungumen da aka gitta a kan rafi duka biyun yake sha a lokaci guda. Ana iya ganin haka da ɗan guntun soson katifa. A zana masa layuka a tsaye a gefensa, a ɗora bakunansa biyu a kan bulo biyu, sannan a danna tsakiyarsa da yatsa. Layukan za su matsu da juna ta sama, su buɗe ta ƙasa. Wato saman gungume matsi yake sha, ƙasansa yana shan ja, tsakiyarsa kuwa kusan hutawa take yi.

Muhimmancin wannan bambanci shi ne, kayan gini ba su da ƙarfi iri ɗaya a kan matsi da ja. Laka da dutse da kankare suna jure matsi ƙwarai, amma da an ja su sai su tsage. Igiya tana jure ja, ba ta jure matsi ko kaɗan. Itace da ƙarfe ne ke iya ɗaukar duka biyun.

Tazara da Kauri

Ɗaliban da suka saba da wasannin gine-gine na kwamfuta sun san cewa a can lamarin da sauƙi. A wasan Dwarf Fortress, wanda ya fito a 2006, inda ake haƙa birni a cikin dutse ana ratsa koguna na ƙarƙashin ƙasa, daɓe ba ya ruftawa muddin yana manne da wani abu mai tushe, komai nisan da ya miƙa a sarari. A duniyar zahiri ba haka abin yake ba, domin tazarar da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi ita ce babbar abokiyar gabar magini.

Idan aka ninka tazara sau 2, aka ɗora kaya iri ɗaya a tsakiya, ƙarfin da ke neman karya gungume zai ninka sau 2, amma lanƙwasawar da zai yi za ta ninka sau 8. Saboda haka gungumen da ya ƙetare mita 3 lafiya lau, ba hujja ba ce cewa irinsa zai ƙetare mita 6. Sau da yawa kwazazzabo yakan ƙara faɗi shekara bayan shekara, mutane kuma su riƙa neman itace mafi tsawo ba tare da sun ƙara masa kauri ko sun kafa ginshiƙi a tsakiya ba.

Maganin tazara shi ne kauri daga sama zuwa ƙasa. Masanin nan na Italiya, Galileo, ya bayyana haka a littafin da ya buga a 1638. A ɗauki katako mai faɗin santimita 15 da kaurin santimita 5. Idan aka kafa shi a kan gefensa, zai ɗauki kaya ninki 3 na abin da zai ɗauka in an kwantar da shi, kuma lanƙwasawarsa za ta ragu sau 9. Katako ɗaya ne, kuɗi ɗaya ne, yadda aka aza shi kawai ya bambanta. Wannan ne dalilin da ya sa kafinta yake kafa katakon rufi a kan gefensa.

Hikimar da Ke Cikin Ƙashi

Tun da tsakiyar gungume ba ta aiki sosai, ana iya cire ta a rage nauyi ba tare da an yi asarar ƙarfi mai yawa ba. Haka aka halicci dogayen ƙasusuwan dabbobi: bango mai tauri a waje, rami mai ɓargo a ciki. Haka gora take, haka ƙashin fiffiken tsuntsu yake. Ƙarfen gada mai siffar harafin I ma wannan dabara ce, an tara ƙarfe a sama da ƙasa inda aiki yake, an bar siririn bango a tsakani.

A birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, wajen shekarar 1866, wani masanin ƙirar jiki mai suna Hermann von Meyer yana nazarin kan ƙashin cinyar mutum, wanda cikinsa yake kamar soso mai siraran zare. Wani injiniya, Karl Culmann, ya lura cewa zaren nan ba a hargitse suke ba. Sun jeru ne daidai da layukan matsi da ja waɗanda lissafi yake nunawa a cikin injin ɗaga kaya mai lanƙwasasshen wuya. Daga baya, a 1892, likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi mai rai yana sake fasalinsa gwargwadon nauyin da yake ɗauka: inda aiki ya yi yawa sai ya ƙara kauri, inda babu aiki sai ya rame.

Jikin dabba mai ƙafa huɗu ma gada ne. D'Arcy Thompson, masanin ilmin halittu, ya kwatanta shi a 1917 da gadar Forth ta ƙasar Sikotilan, wadda aka buɗe a 1890. Ƙafafun gaba da na baya su ne ginshiƙai, ƙashin baya yana ɗaukar matsi, jijiyoyi da tsokoki suna ɗaukar ja. Wanda ya dubi bijimin sa mai ƙaton kai zai ga haka a fili, domin kan nan a rataye yake da wata jijiya mai ƙarfi da ta taso daga dogayen ƙasusuwan kafaɗa ta bi ta ƙeya.

Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata a riƙe. Ƙashi yana gyara kansa idan ya tsage. Gada ba ta iya wannan, sai mutane sun yi mata.

Ɗakin Ƙasa na Gara

Surin da ake gani a gonaki da cikin dajin Falgore ɓangare ne kawai na gidan gara. A 1979 wani mai bincike, N. M. Collins, ya wallafa bayanin gidajen babbar gara, wadda masana ke kira Macrotermes bellicosus, da ya tona a yankin Mokwa ta Jihar Neja. Ya iske cewa a wasu gidajen, ɗakin uwar gara da lambunan funfunar da suke nomawa duk suna zaune a kan wani faifai na laka, faifan kuma yana kan ginshiƙi guda mai kauri a tsakiya, kamar lema a kan sandarta. A ƙarƙashin faifan akwai fili wayam, wanda wani lokaci mutum na iya shiga da rarrafe. Daga cikin faifan wasu siraran shafuka na laka suna saukowa a murɗe, ruwa yana tashi daga jikinsu yana sanyaya gidan, wanda zafinsa yakan tsaya kusa da digiri 30.

Ga gini mai nauyi a kan rami, an yi shi da laka da yawu kawai, masu ginin kuma makafi ne. Tun a 1959 masanin Faransa Pierre-Paul Grassé ya lura da yadda suke fara aiki. Kowace gara takan ajiye ɗan ƙwallon laka, ajiyewar kuma ta jawo wata ta ajiye nata a kai, har tsibi ya zama ginshiƙi. Idan ginshiƙai biyu suka taso kusa da juna, sai kawunansu su karkato su haɗu, su zama baka.

Baka ita ce siffar da ta fi dacewa da laka, domin tana mai da nauyi ya zama matsi zalla, ya bi lanƙwasarta ya sauka ƙasa ta gefe biyu. Robert Hooke na Ingila ya nuna a 1675 cewa idan aka riƙe sarƙa ta bakinta biyu aka bar ta ta rataya, siffar da ta yi, in aka kifa ta, ita ce siffar baka mafi inganci. Amma baka tana da sharaɗi: tana tura ƙafafunta waje. Idan bango ko gaɓar da ta jingina da ita ta motsa ko kaɗan, sai ta buɗe ta faɗi.

Daga Bakan Gizo Zuwa Kankare

Maginan Hausa sun san iyakar laka, shi ya sa suka haɗa ta da azara, wadda ake tsagowa daga gangar giginya, itacen da gara ba ta cika ci ba. Azara ita kaɗai ba ta ɗaukar rufin ƙasa fiye da tazarar kimanin mita 2. Idan ana son soro mai faɗi, sai a yi bakan gizo. A kafa azara a jikin bango ta leƙo ciki, a ɗora wata a kanta ta leƙo fiye da ta farko, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da laka, a ci gaba a haka daga bango biyu har su haɗu a sama. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulƙarimu (1834 zuwa 1846), shi ne ya fi shahara a wannan fasaha. Laka ta ɗauki matsi, azara da igiya suka ɗauki ja.

Kankare mai rodi wannan tunanin ne da kayan zamani. Ƙarfin kankare a kan ja bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a kan matsi ba, don haka ake saka masa rodi. Wani mai lambu ɗan Faransa, Joseph Monier, ya yi rajistar dabarar a 1867 domin tukwanen shuka, daga baya aka kai ta ga gadoji.

A nan ne kwalbatocin aikin gayya suka fi samun matsala. Rodi ba ado ba ne, wurinsa shi ne inda ja yake. A dakalin da ke zaune a kan bango biyu, ja yana ƙasa, saboda haka rodi ya kasance kusa da ƙasa. A daidai saman ginshiƙin tsakiya kuwa abin juyawa yake yi, ja ya koma sama. Dole ne kuma kankare ya rufe rodi da 'yan santimitoci ta kowane gefe, in ba haka ba ruwa zai kai gare shi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta farfasa kankaren daga ciki. Sannan kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce ke ba shi ƙarfi. Ana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma sai bayan kwana 28 ake lissafa cewa ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Sakin mota a kansa bayan kwana uku ganganci ne.

Rufin Rami Ma Gada Ne

A Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, an taɓa haƙa hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa ana bin jijiyar ma'adini a cikin dutse, kafin babban aikin ya tsaya a shekarun 1980. Rufin kowane irin rami gada ne, domin yana ɗauke da nauyin ƙasar da ke bisansa yana miƙa shi ga bango biyu. Ƙa'idojin da aka ambata duk suna aiki a kansa. Shi ya sa injiniyoyin ma'adinai suke fi son rufi mai siffar baka, suke kuma barin ginshiƙai na dutse ba a taɓa su ba, ko da akwai ma'adini a cikinsu.

Haɗarin ya fi yawa a ramukan da masu haƙa da hannu suke yi a ƙasa mai laushi. Mai haƙa yakan bi arziki yana faɗaɗa rami, wato yana ƙara tazara, wani lokaci har ya cinye ginshiƙin da ke riƙe da rufi. Da damina ta zo, ƙasa ta sha ruwa, nauyinta ya ƙaru ƙarfinta ya ragu, sai rufi ya sauko. Saboda haka ba a kafa harsashin gada ko na gida a wurin da aka taɓa haƙa sai an bincika abin da ke ƙarƙashi. Tsohon gidan gara ma haka yake, saman ƙasa da tauri, cikinta kuwa wayam.

Ruwa Ta Ƙafa Yake Kamawa

Mutane sukan zaci nauyin kaya ne ya fi kayar da gada. Binciken injiniyoyi ya nuna cewa ruwa ne, kuma ta ƙasa yake ɓullowa. Mita ɗaya mai fuska shida ta ruwa, wato tsawo da faɗi da zurfi kowanne mita ɗaya, nauyinta tan guda ne, kuma idan gudun ruwa ya ninka sau 2, ƙarfin turawarsa yakan ninka sau 4. Da ya ci karo da ginshiƙi sai ya yi juyi a gindinsa, ya riƙa kwashe yashi har harsashi ya rataya a sarari. Ba a ganin wannan ɓarna daga sama. A watan Afrilu na 1987 wata babbar gada a kan rafin Schoharie a Jihar New York ta Amurka ta rufta ta wannan hanya, mutum 10 suka mutu. A nan gida, gadar Tatabu da ke kan hanyar Mokwa zuwa Jebba ta karye a daminar 2017 bayan ruwa mai ƙarfi. Dattawan Bebeji da kewaye kuwa ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ba.

Abubuwa uku suna taimaka wa ruwa a wannan ɓarna. Na farko, ƙaramin kwalbati a kan babban rafi, domin matse hanyar ruwa ƙara masa gudu yake yi, idan kuma shara da rassan itatuwa suka toshe bakin, sai ya zagaya ya cinye gaɓa. Na biyu, ɗibar yashi kusa da gada, wadda ke saukar da ƙasan rafi ta tone harsashi. Na uku, sare itatuwa da ciyayin gaɓa. Saiwar jema da gamba da gora tana aiki a cikin ƙasa kamar yadda azara ke yi a cikin laka, tana ɗaukar jan da ƙasa ba ta iyawa. Gaɓar da aka aske ba ta da rodi.

Kammalawa

Ba a cewa ɗalibin sakandare ya tsara gada, wannan aikin injiniya ne, kuma duk garin da zai gina wadda mota za ta bi ya kamata ya nemi injiniyan ƙaramar hukuma tun kafin a sayi buhun siminti na farko. Amma ɗalibi yana iya zama idon gari. Da ruwa ya janye a watan Oktoba ko Nuwamba, malamin kimiyya zai iya fita da 'yan ajinsa zuwa gadar da ta fi kusa da makaranta, da igiyar awo da sanda da littafi. Su auna tazara. Su duba ko akwai tsaga a ƙasan dakali, ko jan tsatsa da ya ɓullo daga kankare. Su soka sanda a gindin ginshiƙi su ga ko ruwa ya yi rami. Su ƙwanƙwasa katako su ji ko gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Su rubuta abin da suka gani da kwanan wata, su kai wa dagaci da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, baɗi kuma su koma su sake aunawa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramin da aka gani da rani, 'yan kurar duwatsu kaɗan sun isa su cike shi. Idan aka bar shi har ruwan Agusta ya iske shi, gadar ce gaba ɗaya za a sake, in ma Allah ya sa babu kowa a kanta ranar da ta tafi.